Likita ya ce a dakatar da kemo, Yaya ya ce mun sallama Umma

Anti, barka da ƙoƙari. Mahaifiyarmu shekarunta 67, ta daɗe tana fama da sankarar mama. An yi mata aiki, an yi kemo, wato maganin sankara mai ƙarfi da ake ɗura mata, har mun daina ƙirga zuwa, yanzu ciwon ya shiga ƙashin bayanta da hanta. Makon jiya likitanta ya ja ni gefe ya ce jikinta ba zai ƙara ɗaukar kemo ba, kuma ko an yi ba zai tsayar da ciwon ba. Shawararsa a haɗa mu da masu kula da marasa lafiyar da ba a sa ran warkewarsu, su riƙa zuwa gida suna duba ta. Ya kuma rubuta mata mofin, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi. Yayanmu yana zaune nesa, shi ke biyan kuɗin asibiti, ya ce atafau bai yarda ba. A ganinsa gajiya muka yi muke so mu sallama ta, mofin kuma in ji shi maganin da ake ba mutum ya ƙarasa ne. Ya hana a gaya wa Umma komai. Inna, ƙanwarta, kullum tana ɗura mata abinci, Umma na kau da kai, su duka biyun suna hawaye. Ni ke kwana da ita, ina jin nishinta har asuba, maganin kuma yana cikin jakata na kasa ba ta. Wani dare na ji zuciyata ta ce ina ma wahalar nan ta ƙare. Tun daga ranar na kasa yafe wa kaina. Me zan yi?

Daga wata 'yar'uwa da muka sakaya sunanta.

'Yar'uwa, Allah ya kawo wa Umma sauƙi, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan jinya. Zan fara da abin da ba zai jira taron iyali ba, wato maganin da ke cikin jakarki. Yau ɗin nan ki kira likitan da ya rubuta shi, ko nas ɗin da ke aiki da shi, ki ce ba ki fara ba saboda tsoro, su sake yi miki bayanin yadda ake bayarwa, ki gaya wa Umma maganin ciwo ne mai ƙarfi, in ta amince ki fara. Raɗaɗin sankarar da ta shiga ƙashi yana cikin mafi tsananin raɗaɗin da jikin ɗan'adam ke ji, kuma kowane daren da kuka ƙara kuna gardama ita ke biyan kuɗinsa.

Tsoron Yaya tsoro ne da mutane da yawa ke da shi, kuma na san inda ya samo asali. Sau da yawa ba a fara ba marar lafiya mofin sai ya rage masa kwana biyu ko uku, sai ya rasu, sai 'yan'uwa su ce maganin ne. Alhali ciwon ne ya kai ƙarshe, maganin kuma makara ya yi. Idan likita ya fara da kaɗan, yana ƙarawa a hankali daidai da ƙarfin ciwon, mofin ba ya gajarta rai, mutane suna shan sa watanni suna zaune suna hira da jikokinsu. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin magance raɗaɗin sankara mataki-mataki, kuma mofin ne jigon mataki na sama. Ƙa'idarsa a sha ta baki in da hali, kuma a sha bisa agogo, kada a jira ciwo ya taso ya yi ƙarfi sannan a nemi magani. Likita zai kuma nuna miki ƙarin da za ki bayar idan ciwo ya ɓullo tsakanin lokuta. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta lokacin da kika ba ta da yadda ta ji, domin da shi za a daidaita mata adadin, musamman da yake hantarta ta taɓu. A kwanakin farko za ta iya yin barci da yawa ko ta ji tashin zuciya, wannan yakan lafa. Abin da ba ya lafawa shi ne taurin bayan gida, saboda haka ki nemi a haɗa mata da maganin sassauta ciki tun ranar farko. Idan kika ga ta yi nauyin da ba a iya tashinta, ko numfashinta ya ragu sosai, ki dakata ki kira su. Ki ajiye maganin inda yara ba za su kai hannu ba.

To, yanzu babbar maganar. Na karanta wasiƙarki na ji ra'ayin likita, na ji na Yaya, na ji na Inna, na ji damuwarki. Mutum ɗaya ne ban ji ta bakinsa ba, ita ce mai jikin. Mace mai shekara 67, da hankalinta, wadda ta rene ku duka, ana yanke shawara a kan kwanakinta a bakin ƙofa da ta waya, ana shiga ɗakinta da murmushin dole. Na san ƙauna ce ta sa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Umma tana ganin zanenta yana yi mata yawa, tana jin ƙafafunta suna ƙin ɗaukarta, tana lura da yadda kuke yin shiru idan likita ya fita. Abin da masu wannan aiki suke yawan gani shi ne marar lafiya ya riga ya gane, yana yin kamar bai sani ba don kada 'ya'yansa su karaya, su ma suna yin kamar ba su sani ba don kada ya karaya. Kowa sai ya zauna da nasa tsoron shi kaɗai, a ɗaki ɗaya.

Ban ce ki je ki tsaya a kanta ki faɗa mata abin da likita ya ce kalma da kalma ba. Tana da haƙƙin ta sani, tana kuma da haƙƙin ta ce ba ta son sani. Aikinki ki buɗe mata ƙofa ki ga ko za ta shiga. Ki zaɓi lokacin da ciwon ya lafa, babu baƙi, ki zauna kusa da ita ki ce, "Umma, ke yaya kike ganin jikin nan naki?" Sai ki yi shiru, ki daure wa shirun ko ya yi tsawo. Idan ta ce da sauƙi ta kawo wata hira, ki bar ta, wata rana kya sake. Idan ta ce, "Ni dai na ga jikin nan ba na tashi ba ne," kada ki yi saurin cewa haba Umma daina faɗin haka. Wannan kalma ita ke rufe bakin marasa lafiya da yawa. Ki ce mata, "Me ya fi damunki?" Kina iya tambayarta kuma, "Idan likita yana da bayani, kina so ya yi miki da kanki, ko kin fi so ya gaya mana mu?" Duk amsar da ta bayar ta raba gardamar da ke tsakaninki da Yaya, domin ta fito daga wadda ba mai iya musa mata.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne akwai abubuwan da ba mai iya yi mata su. Wataƙila akwai bashin da ita kaɗai ta san da shi, ko ajiyar wani a hannunta, ko wasiyyar da take so ta bari, ko wata da suka yi shekaru ba sa magana tana so a kira mata ita. Wataƙila tana so ta kasance a ɗakinta, wataƙila kuma ta fi samun natsuwa a asibiti. Sankarar da ta kama hanta tana iya kawo ruɗewa a ƙarshe, lokacin da mutum zai iya faɗin waɗannan abubuwa da bakinsa yana iya wucewa ba tare da sanarwa ba.

Game da abin da likita ya ba ku shawara, ina so ki fahimce shi sosai don ki iya yi wa Yaya bayani. Kemo ake son dakatarwa, jinya kuwa yanzu ma za ta ƙaru. Wannan kulawa ta sauƙaƙa raɗaɗi fanni ne na likitanci mai zaman kansa, da ƙwararrunsa. Wadda ta kafa shi a siffarsa ta yanzu ita ce Cicely Saunders, wata 'yar Ingila da ta fara da aikin nas, ta yi aikin jin daɗin jama'a a asibiti, sannan ta koma ta karanta likitanci. A 1967 ta buɗe St Christopher's Hospice, gidan kula da masu ciwon ajali, a Landan. Abin da ta koyar shi ne raɗaɗin mai ciwon ajali bai tsaya a jiki ba, akwai tsoro, akwai damuwar iyali da abin da za a bari, akwai tambayoyin da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa, kuma duk sai an kula da su tare. Shi ya sa masu wannan aiki suke tafiya a ƙungiya, da likita da nas da mai ba da shawara, kuma iyalin marar lafiya suna cikin waɗanda suke kula da su, har bayan rasuwa. A wasu ƙasashen akwai gidaje na musamman da ake kwantar da mutum, amma mafi yawan aikin a gidan marar lafiya ake yin sa. Haka Dokta Anne Merriman ta yi a Yuganda tun 1993, da mofin na ruwa mai araha da nas-nas masu bin gidaje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 56.8 ke buƙatar irin wannan kulawa duk shekara, kuma kashi 14 cikin ɗari ne kawai suke samu. Abin da aka yi wa Umma tayi, mafi yawan masu irin ciwonta a duniya nema suke ba su samu ba.

Akwai kuma binciken da ya kamata Yaya ya ji. A 2010 wasu likitoci a birnin Boston na Amurka suka wallafa sakamakon nazarin da suka yi kan mutum 151 masu sankarar huhu da ta bazu. Rabi aka bar su a kan maganin da aka saba, rabi aka haɗa musu da masu sauƙaƙa raɗaɗi tun da wuri. Waɗanda aka haɗa musu sun fi jin daɗin rayuwa, baƙin ciki mai tsanani ya fi ƙaranci a cikinsu, ba a cika yi musu magunguna masu wahalarwa a kwanakin ƙarshe ba, kuma a matsakaici sun rayu wata 11.6, sauran kuwa wata 8.9. Ciwonsu daban ne da na Umma, kuma ba alkawarin ƙarin kwana nake yi miki ba. Abin da nake so ya gani shi ne zaɓar sauƙi ba ya nufin an yanke wa mutum kwana. Kemo a jikin da ya raunana, da hanta mai rauni, shi ma yana iya kwantar da mutum a asibiti ya cinye masa ɗan ƙarfin da ya rage.

Shi kansa Yaya, ki dube shi da idon rahama, ko da kalamansa sun yi miki ciwo, kuma na san sun yi. Mutumin da ke nesa yana ganin mahaifiyarsa ne a waya, a 'yan mintocin da ta tattara ƙarfinta ta yi masa murmushi. Bai ji nishin dare ba. Abin da yake iya yi mata daga can shi ne biyan kuɗi, idan aka ce a daina kemo, ji yake kamar an ce masa ba shi da sauran amfani. Kada ki tsaya kina kare kanki, kuma kada ki ci gaba da zama 'yar aike tsakaninsa da likita, domin duk abin da ya bi ta bakinki zai ɗauka ra'ayinki ne. Ki nemi likita ya ba ku lokaci, a kira Yaya ta bidiyo, ya yi tambayoyinsa da kansa. Ya tambaya idan an ci gaba da kemo me ake sa ran zai yi, wace wahala zai jawo, kuma a ganin likita maganar watanni ake yi ko makonni. Idan yana son jin ta bakin wani likitan, haƙƙinsa ne, amma takardu da hotunan gwaji za a tura, kada a ɗauki mace mai ciwon ƙashin baya ana yawo da ita. Ki ba shi aikin da kuɗinsa zai yi tasiri a gani: katifa mai hana gyambon kwanciya, keken marasa lafiya, mai taya ki kwana. A tambayi likita kuma ko gashi, wato ƙona ƙwayoyin ciwon da hasken na'ura, zai taimaka wa bayan nata, domin gashin da ake yi don rage raɗaɗin ƙashi wani lokaci zama ɗaya ne kawai, kuma mutane da yawa suna samun sauƙi da shi.

Sannan ki ce masa ya zo. Ki faɗa masa a fili, "Yaya, ka zo yanzu da take gane mutane tana magana." Kwana biyu a ɗakin zai fahimtar da shi abin da bayaninki na wata guda bai iya ba. Idan bayan duk wannan Umma da bakinta ta ce tana so a sake gwada wani magani, kuma akwai likitan da ya ga jikinta zai ɗauka, to ke ma sai ki bi, a sa wa'adi a ga ko ya yi amfani, masu sauƙaƙa raɗaɗin kuma su ci gaba da aikinsu a gefe, domin ɗaya ba ya hana ɗaya. Idan kuwa ta ce ta gaji, biyan kuɗin asibiti bai ba kowa ikon ya tilasta mata ba, kuma wani babba da Yaya yake jin nauyinsa ya fi ki dacewa ya gaya masa haka.

Inna kuma tausayinta nake ji. A wurinta muddin yayarta tana haɗiyar abinci, to tana nan. Ki zaunar da ita, zai fi kyau nas ta yi mata bayani, cewa sankara idan ta yi nisa tana canza yadda jiki ke sarrafa abinci, sha'awar ci ta ɗauke, mutum ya rame ko da ana cusa masa. Ciwon ne ya hana Umma ci, ba rashin ci ne ke kayar da ita ba. Ɗura yana jawo amai da kumburin ciki, kuma idan haɗiya ta yi rauni abincin na iya sarƙe ta ya gangara huhu. A riƙa miƙa mata kaɗan-kaɗan daga abin da ranta ke so, tana zaune a jingine, in ta karɓi cokali biyu madalla, in ta kau da kai a janye. Ki mai da hannun Inna kan abin da zai yi wa Umma daɗi: jiƙa mata baki da tsumma mai tsabta, shafa mata mai a leɓe da ƙafafu, gyara mata gashi, taya ki juya ta duk bayan 'yan awoyi don kada fatar ƙugu da diddige ta buɗe.

Akwai abubuwan da idan kin gan su ba a jira gari ya waye. Idan ciwon baya ya tsananta farat ɗaya, ƙafafunta suka yi rauni ko suka mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya riƙa zuba ba ta sani ba, wataƙila ciwon yana danne lakar baya ne, kuma saurin kai ta asibiti yana iya ceton tafiyarta. Idan ta rikice kwatsam, ga ƙishirwa mai yawa ga taurin ciki, yana iya zama sinadarin kalsiyam ne ya hau a jininta, abin da ke faruwa idan sankara tana cikin ƙashi, kuma ana maganinsa. Ki karɓi lambar da za ki kira da dare tun ranar farko da masu duba ta a gida suka zo, ki rubuta ta a inda kowa zai gani.

Zan kuma gaya miki yadda kwanakin ƙarshe suka saba zuwa, domin abin da mutum ya sani ba ya firgita shi kamar wanda ya zo masa ba shiri. Barci zai yi yawa, magana ta ragu, ci da sha su tsaya, fitsari ya ragu ya yi duhu, hannu da ƙafa su yi sanyi. Numfashi yakan canza, ya yi sauri, ya tsaya na ɗan lokaci, ya dawo. Wani lokaci akan ji ƙara a maƙogwaro saboda yawun da ba a iya haɗiyewa, yakan fi damun masu saurare fiye da marar lafiyar, juya ta gefe yana rage shi. Idan ta kasa haɗiyar magani akwai wasu hanyoyin ba da shi, ki tambaya tun kafin a kai nan. Ku ci gaba da yi mata magana da addu'a a hankali ko ba ta amsawa, domin ana kyautata zaton ji yana daɗewa bayan magana ta ɗauke, kuma saboda haka ne duk wata gardama a fita da ita waje.

Saura abin da kika ce kin kasa yafe wa kanki. 'Yar'uwa, ki sake karanta abin da kika rubuta. Wahalar kika so ta ƙare. Wanda ya kwana yana jin nishin mahaifiyarsa, babu barci, babu mai karɓarsa, da wuya wannan tunani bai ratsa zuciyarsa ba, sai dai mafi yawa ba sa faɗa. Ina ganin da zarar ciwon ya lafa Umma ta sami barci, ke ma kika samu, tunanin zai yi sauƙi da kansa. Amma ba za ki iya ci gaba da kwana ke kaɗai ba. Ki rubuta ranakun mako a takarda, ki sa sunan mai kwana a gaban kowace rana, aƙalla dare biyu ya zama ba ke ba ce, kuma a waɗannan dararen ki kwana a wani ɗaki dabam. Masu zuwa dubiya suna cewa in akwai abin da za a yi ki faɗa, to ki riƙa faɗa: wannan ta zauna da ita awa uku da rana, wancan ya karɓo magani. Idan rashin barci da kuka da jin ba ki da amfani suka ƙi barinki har makonni, ko kika fara tunanin cutar da kanki, ki gaya wa nas ko likitan da ke zuwa, ke ma kina cikin waɗanda aka turo su dominsu.

Ki kira likitan yau kan maganar mofin, ki nemi ranar da za a haɗa shi da Yaya a waya cikin makon nan, kuma kafin ranar ki sami zama da Umma ku biyu, don ki shiga taron da amsarta a hannunki.